Kunne Ma Yana Da Amana: Nasiha Ga Samarin Kelle Masu Son Na'urar Sauraro

Ƙannena samarin Kelle da Gure, akwai wata sha'awa da na ga ta fara kama wasunku, musamman masu son taɓa waya da batir, kuma ina so mu yi magana a kanta tun ba ta yi nisa ba. Kuna ganin bidiyo a wayoyinku: mutum zaune a ɗakinsa a wani birni na Amurka, riƙe da 'yar na'ura mai eriya, sai ga muryar direban bas tana fitowa yana gaya wa ofishinsu ya makara, ko ƙofar baya ta ƙi rufuwa, ko wani fasinja ya faɗi a aiko da motar asibiti. Sikana ake ce wa na'urar. Aikinta shi ne ta riƙa bin mitoci ɗaya bayan ɗaya da sauri, inda ta ji ana magana ta tsaya, in an yi shiru ta wuce gaba. Ba ta aika magana, ji kawai take yi. A can akwai mutanen da wannan ne abin debe musu kewa, sun san lambar kowace bas da layin da take bi, har suna gane direba da muryarsa.

Ban ga laifin wanda abin ya burge ba. Yaron da ya tsaya yana mamakin yadda murya ke tafiya cikin iska babu igiya, yaro ne mai kai, kuma irinsa ƙasar nan ke nema. Amma kafin ɗayanku ya tara kuɗinsa ya ba wani mai zuwa Kano ko Damagaram saƙon na'ura, ya kamata ya san cewa abin da ya gani a bidiyo ya tsiro ne a wata ƙasa mai dokarta da zaman lafiyarta, kuma ba haka zai kasance ba in an kawo shi gindin duwatsun Kutus.

Mu fara da doka. A Amurka, sauraron yawancin maganganun da ba a kulle ba halal ne a dokarsu, shi ya sa ake sayar da sikana a shaguna. Duk da haka tun 1986 suka haramta sauraron wayar salula ta mutane, kuma wasu jihohinsu sun hana a ɗauki sikana a cikin mota. A Ingila kuwa dokar 2006 ta hana mutum ya saurari saƙon da ba don jama'a aka watsa shi ba sai da izini, ko da na direban bas ne. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, wadda aka kafa tun 1865 kuma Nijar ke cikinta, ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin hana kama saƙon da ba na jama'a ba da kuma yaɗa shi. A wajenmu hukumar ARCEP da ke Yamai, wadda aka kafa a 2018, ita ke rabon mitoci, ita ke cewa wane ya yi magana a nan, wane a can. Sannan akwai dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara wa tsanani a watan Yunin 2024, har aka maido da hukuncin ɗauri ga mai yaɗa bayanin da zai iya tada hankalin jama'a. Saurayin da ya naɗi wata magana da ya kama a iska ya tura ta WhatsApp don abokai su ce ya iya, wannan dokar na iya hawa kansa, kuma cewa wasa yake yi ba zai fid da shi ba.

To, a ce ma babu doka. Me za ka ji?

Kelle ba ta da bas ɗin cikin gari. Abin da muke da shi motocin kasuwa ne masu buɗaɗɗen baya, da Land Cruiser masu shiga yashi zuwa Tasker, da kabu-kabu, da amalanke. Manyan motocin fasinja irin na Rimbo da sauran kamfanoni a kan babbar hanya ta ɗaya suke, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram, Mirya, Gidimuni, Gidigir, ta shigo Gure, ta wuce Gudumariya da Maine har Difa da Gigimi. Ku tsaya a tashar Gure da safe ku duba da idonku. Direba na zaune a kan benci da kofin shayi, waya a kunne, yana tambayar wanda ya riga shi tashi yaya hanya. Yaron mota na kan rufi yana ɗaure buhuna da akuya, shi ma wayarsa na aljihu. Kamasho yana kiran fasinja, yana amsa kiran wani da ke cewa a riƙe masa kujera. Duk harkar a kan salula take, ta Airtel ko Moov ko Zamani, kuma maganar salula a lambobi take tafiya, a kulle. Sikana ba ta jin komai a ciki sai ƙara. Wanda ya saye ta don ya ji direbobin hanyar Difa ya zubar da kuɗinsa.

Waɗanda suka rage suna magana ta rediyo a yankinmu su ne ainihin waɗanda bai kamata ka kusanci maganarsu ba: sojoji, jandarmomi, 'yan sanda, jami'an duwan da na gandun daji, motocin ƙungiyoyin agaji masu doguwar eriyar nan mai kauri a gaban mota, masu gadin kamfanoni, da ayarin masu aikin man Agadem. Wato na'urar da a wani gari take kamo direban bas, a nan in ta kamo wani abu to na jami'an tsaro ne ko na waɗanda ke tafiya da rakiyarsu. Nan ne hankalina ya fi tashi.

Kun san halin da ake ciki. Tun hare-haren Boso da Difa na watan Fabrairun 2015 aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka hana hawa babur, aka tashi kasuwanni, aka cika hanya da shingaye. Difa maƙwabciyarmu ce, daga Gure ba a daɗewa ake shiga ƙasarta. Ka ɗauka an tsayar da motarku a shinge, an ce kowa ya sauko da jakarsa. Soja ya zuge taka ya tarar da na'ura mai eriya, ya kunna, ya ji muryar abokin aikinsa tana fitowa. Me kake so ya ɗauka? Bai san bidiyon da ka kalla ba, bai san kai ɗan lakwal ne mai son kimiyya ba. Abin da ya sani shi ne an kashe 'yan uwansa a kwanton ɓauna, kuma masu kwanton ɓauna da 'yan leƙen asiri suke aiki. Kafin a gane gaskiyarka, an kwana biyu, iyayenka sun sayar da abin da suka sayar, sunanka ya shiga takardar da ba a goge ta da sauƙi. Ba ina cewa kowane zargi daidai ne ba. Ina cewa mai hankali ba ya kai kansa inda za a zarge shi a kan abin da ba zai iya bayyanawa cikin minti biyu a bakin hanya ba.

Akwai kuma haƙƙin matafiya, wanda ya fi tsoron kamu nauyi a wurina. Labarin hanya a ƙasarmu rai ne. Wace mota ta tashi, ƙarfe nawa, 'yan kasuwa nawa ke ciki, sun sayar da raƙuma ko ba su sayar ba, ina ta lalace ta tsaya, akwai rakiya ko babu: wannan shi ne abin da ɗan fashi ke biyan kuɗi ya sani. Direban da ke faɗa wa abokinsa cewa tayarsa ta fashe a wuri kaza, neman taimako yake yi, ya kuma amince cewa wanda ya kira ne kawai ke ji. In kai ka ji, ka faɗa a majalisar shayi don a san kana da labari, ba ka san kunne nawa ke wurin ba, ba ka san inda maganar za ta kwana ba. Magana zarar bunu ce. A cikin motar nan da ta tsaya a daji akwai mai ciki da ake kai wa asibitin Gure, akwai tsoho da kuɗin shanunsa a ɗaure a ƙugu, wataƙila akwai ƙanwar mahaifiyarka. Wannan gargaɗin bai tsaya ga mai sikana ba. Yaron tasha da ya ji direba na waya, da mai cajin waya da ke buɗe saƙon mutane, da wanda ke cikin zauren WhatsApp na direbobi yana kwashe abin da aka faɗa yana kaiwa waje, duk hukuncinsu ɗaya.

Addininmu ma bai bar wannan a buɗe ba. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana binciken asirin mutane, kuma akwai hadisi a cikin Bukhari mai tsananin gargaɗi ga wanda ke kasa kunne ga zancen mutane alhali ba sa so ya ji. Malamanku sun karantar da ku wannan tun kuna allo. Na'ura ba ta canja hukuncin. Wanda ya laɓe a bayan darni yana sauraron maƙwabci, da wanda ya ɗaga eriya yana yin haka daga nesa, aiki guda suke yi.

Sai batun oba-oba, don na san ita ta fi sikana sauƙin samu. Irin su Baofeng, 'yan China, suna da araha, kuma suna kama daga megahaz 136 zuwa 174, da kuma daga 400 zuwa sama da 500. Bambancinta da sikana shi ne tana da maɓalli a gefe, in ka danna muryarka ta fita. Yaro ya samu, ya shiga murɗe-murɗe, ya danna yana cewa alo alo, bai san ya hau kan mitar motar asibiti ko ta jami'ai ba. Muddin yatsansa na kan maɓallin, yana iya danne maganar wanda ke kiran gaggawa a kusa da shi. Kuma wanda ke aika magana ana iya bin sawunsa a gano inda yake. Kada ku saye ta don wasa. Makiyayi ko mai gona ko ƙungiyar da ke da buƙatarta ta gaskiya, inda salula ba ta kai ba, su bi ta hukuma su nemi izini da mitar da za a ba su.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi min daɗin faɗa, don ban rubuto wannan don in kashe muku gwiwa ba. Iskar da ke kan Kelle cike take da abin da aka watsa don kowa ya ji, kuma a cikinsa akwai ilimin da zai ci shekarunku bai ƙare ba.

Ku nemo tsohuwar rediyon kakanku, mai gajeren zango da matsakaicin zango, wadda aka jefar a kan rumbu tun da waya ta shigo. Ku goge wurin batir da ya yi tsatsa, ku sa sababbi. Ku samo siririyar wayar tagulla mai tsawon taku ashirin ko talatin, ko da daga tsohon injin da ya ƙone ne, ku ɗaura bakinta ɗaya a reshen bedi ko aduwa, ɗayan ku naɗa a jikin eriyar rediyon. Da rana ku murɗa matsakaicin zango ku rubuta abin da kuka ji, zai zama kaɗan. Bayan isha ku sake murɗawa a hankali, kamar mai zare ƙaya. Za ku ji tashoshi sun cika wurin, Larabci daga arewa da gabas, Faransanci, Hausar Najeriya, wata na shigowa wata na dushewa. Dalili shi ne can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita, akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa. Da rana ƙasan wannan sashe yana shanye matsakaicin zango. In rana ta faɗi sai ya saki, saƙon ya haura ya bugi na sama ya dawo ƙasa a wuri mai nisa. Ta haka iyayenmu suka riƙa jin Rediyon Kaduna da dare, ta gajeren zango kuma suka san BBC Hausa da ta fara a 1957, da Muryar Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979. Tashoshin waje da dama sun rage aiki a gajeren zango ko sun bar shi, amma har yanzu ba a rasa abin ji. Ku sami littafi ku riƙa rubuta rana da lokaci da mita da ƙarfin murya. Bayan wata biyu za ku fara ganin yadda lokacin sanyi ya bambanta da bazara, kuma wannan da kuke yi shi ne kimiyya, ba wani abu ba.

FM dabam take. Tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, kuma a miƙe take tafiya, ba ta dawowa daga sama. Shi ya sa tashar Damagaram, da ke nesa da Gure da kimanin kilomita 160, ba ta isowa da kanta sai an sa mata tashar maimaitawa. A nan Allah ya ba ku abin da 'yan fili ba su da shi, wato duwatsu. Eriyar da ke bisa tudu mai tsawon mita 100 tana hango kusan kilomita 40. Ku hau da rediyo ku gwada, ku sauko ku sake gwadawa, ku ga bambanci. Kuma akwai lissafi guda ɗaya da nake so kowannenku ya haddace: a raba 300 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon zangon a mita. Tashar da ke kan 100, zangonta mita 3 ne. A yanki waya biyu, kowace rubu'in wannan, wato wajen santimita 75, a miƙe su ɗaya sama ɗaya ƙasa a jikin sanda, a haɗa da kebul zuwa rediyo. An gama eriya. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya ji tashar da da ba ta kamuwa ta fito tas, ya shiga sana'ar, ko bai sani ba.

Wanda ya yi nisa yana iya ɗaga kai sama. Tashar sararin samaniya ta duniya, ISS, tana yawo a kimanin kilomita 400 bisa kanmu, tana zagaya duniya cikin kusan minti 90, kuma tana ratsa samaniyar Nijar. A wasu lokuta tana watso hotuna a kan megahaz 145.800 musamman don ɗalibai da masu sha'awar rediyo su kama. Akwai kuma taurarin ɗan'adam na yanayi da ke aiko hoton gajimare a wajen megahaz 137, a buɗe ga kowa. Irin wannan ilimin ne ake aiki da shi a cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda tun 1974 take bin damina da fari a ƙasashen Sahel. Ɗan manomin Kelle da ya iya karanta hoton hadari ba ƙaramin amfani zai yi wa garinsu ba. Sai dai na'urorin da ke kama waɗannan, har da 'yar ƙaramar nan RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta, suna kama sauran mitoci ma. Don haka kada a yi wannan a ɓoye a ɗaki. A yi shi a makaranta, ƙarƙashin malamin kimiyya, da sanin shugaban makaranta da hukumar gari, da takarda a hannu.

Wannan tsari na sauraro a fili, cikin jama'a, ba baƙo ba ne a Nijar. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari kan taru su saurari shiri tare, su tattauna, mai jagorantar kulob ya naɗi ra'ayinsu a faifai a aika Yamai, a sa muryar manomi da makiyayi a rediyon ƙasa. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma aka shiga buɗe rediyoyin karkara, har suka bazu a ƙasar. Yawancinsu matsalarsu ɗaya: in na'urar watsawa ta ƙone, ko batirin sola ya mutu, ko tsawa ta bugi eriya, sai a yi makonni shiru ana jiran mai gyara daga birni. A lokacin nan sanarwar rigakafi ba ta fita, cigiyar raƙumin da ya ɓata ba ta fita, farashin hatsi ba ya fita. Ga gurbi a buɗe, kuma ku ne ya kamata ku cike shi.

Hanyar shiga ba ta da wuya. A kasuwar Gure, kamar kowace kasuwa, akwai mai gyaran rediyo da waya, da teburinsa cike da matattun na'urori, da kawuyarsa da dalma da 'yar mitar awon wuta. Ku je ku gaishe shi da ladabi, ku ce kuna so ku koya. Zai sa ku share wuri da riƙe fitila kafin ya bar ku ku taɓa komai, ku yi haƙuri da hakan. Ku riƙe lissafi da kimiyya a makaranta da kyau, don ba a zama injiniyan sadarwa da murɗe-murɗe kaɗai. Wanda ya kai matakin son yin magana da duniya ta rediyo, akwai lasisin masu sha'awa da hukuma ke bayarwa, kuma kowace ƙasa na da alamar kiranta. Ta Nijar tana farawa da 5U, ta Najeriya da 5N. Masu riƙe da 5U kaɗan ne ƙwarai, har masu wannan sha'awa a Turai da Japan kan yi ɗokin samun wanda zai amsa musu daga nan. Zan so a ce wata rana daga Kelle ake amsawa.

In kuwa wani a cikinku ya riga ya mallaki sikana ko oba-oba, kada ya jefa ta rijiya don tsoro, kada kuma ya ci gaba da ɓoye ta. Ya cire batirin, ya faɗa wa mahaifinsa ko yayansa, su je tare wurin mai gari ko magajin gari a nemi shawarar yadda za a sanar da hukuma. Abin da kunnensa ya riga ya ji na motocin mutane ko na jami'ai, ya bar shi a cikinsa, kada ya faɗa wa aboki, kada ya naɗa, kada ya tura. Ku kuma malaman makarantun Kelle da Gure, ina roƙonku ku buɗe wa yaran nan kulob na rediyo a makaranta, ku nema musu izini, ku ba su waya da dalma su yi aiki a gabanku.